Zumunta a Ƙafa Take, Annobar Dabbobi Ma Haka

Bahaushe ya raba gaisuwar baƙin ciki gida biyu. In rai aka rasa, ta'aziyya ake zuwa. In kuwa gobara ce ta ci rumbu, ko ɓarayi suka kore shanu, ko ambaliya ta share gona, jaje ake zuwa. Mutanen da can sun gane cewa wanda dukiyarsa ta salwanta dare ɗaya, shi ma yana bukatar a zauna kusa da shi a ce masa Allah ya mayar da alheri. Tarihin kiwo a ƙasar nan ya adana shaidar haka. Annobar bushiya da ta ratsa Afirka wajen 1890, ta kwantar da mafi yawan shanun da ta tarar, sunan da aka laƙaba mata a nan Arewa shi ne "Sannu", saboda yawan faɗin kalmar ga waɗanda garkensu ya ƙare. Wani Bature jami'in kula da dabbobi mai suna de St. Croix, wanda ya tattara labaran Fulani a shekarun 1940, ya ruwaito cewa a wancan lokacin akwai makiyayan da hankalinsu ya gushe, suka shiga daji suna kiran shanun da babu su, wasu ma suka hallaka kansu.

A yau idan annoba ta faɗa wa dabbobi, hukuma ta san abin da za ta yi da dabbar: a killace, a kashe, a binne, a yi feshi, in an yi sa'a a biya diyya. Mai dabbar fa, wa ke duba shi? Turawa na da kalma guda ga wannan aiki, mu kuwa sai mun haɗa uku kafin ma'anar ta cika: sauraro, rarrashi da shawara. Babu inda aka rubuta darasin wannan al'amari dalla-dalla kamar Birtaniya a shekarar 2001, don haka can za mu fara leƙawa kafin mu dawo gida.

Shekarar da aka ƙona garke a Birtaniya

Ranar 19 ga Fabrairun 2001 wani likitan dabbobi ya lura da aladu suna ɗingishi a wata mayanka da ke Essex. Kashegari aka tabbatar ciwon kofato da baki ne, wanda makiyayanmu ke kira boru. Ciwo ne da ke fitar da ƙuraje a baki da tsakanin kofato, dabba ta riƙa dalala, ta kasa cin abinci, nono ya ragu. Ba kasafai yake kashe babbar dabba ba, shi ya sa Bafulatanin ruga yakan yi jinya ya jira ya wuce. Amma ga ƙasar da ke fitar da nama da madara waje, ɓullarsa na nufin rufewar kasuwa. Ga shi da saurin yaɗuwa: yana bin takalmi, yana bin tayar mota, har iska tana ɗaukarsa. Kafin a hana zirga-zirgar dabbobi ranar 23 ga wata, tumaki sun riga sun kwashe shi daga kasuwa zuwa kasuwa, musamman ta babbar kasuwar Longtown da ke arewacin Ingila.

Gwamnatin Tony Blair ta ɗauki matakin kisa. Gonar da aka samu ciwon, a kashe dabbobinta cikin awa 24. Gonakin da ke maƙwabtaka da ita, cikin awa 48, ko da kuwa lafiyarsu ƙalau. An tabbatar da ciwon a gonaki 2,026, amma gonakin da aka share sun haura 10,000, dabbobin da aka kashe kuma sun zarce miliyan 6. Gundumar Cumbria kaɗai ta ɗauki 893 daga cikin gonakin da suka kamu. Sai da aka kira sojoji. A wani tsohon filin jirgi da ke Great Orton an binne dabbobi kusan rabin miliyan. A wasu wuraren tsibi aka riƙa yi ana cinna wuta, hayaƙi da wari su kwana su wuni a kan ƙauyuka. An ɗage zaɓe zuwa 7 ga Yuni, ciwon bai tsaya ba sai 30 ga Satumba, asarar kuwa an ƙiyasta ta da sama da fam biliyan 8.

Waɗannan su ne alƙaluman da jaridu suka buga. Abin da ba ya shiga alƙalami shi ne zaman da iyalai suka yi a bayan ƙofa. An shimfiɗa ciyawa jiƙe da magani a bakin kowace gona. An rufe kasuwannin dabbobi, inda manomi ke haɗuwa da 'yan uwansa kowane mako, an soke bukukuwa, an toshe hanyoyin ƙafa. Wasu iyaye sun hana 'ya'yansu zuwa makaranta, wasu sun tura su gidan dangi suka yi makonni ba su ga juna ba. Abin ya zo daidai da lokacin haihuwar tumaki, sai ga mutumin da ya kwana yana karɓar haihuwa, gari ya waye an harbe uwa da ɗa a gabansa. A farkon annobar gawarwaki kan yi kwanaki a tsakar gona kafin a zo kwashewa. A tsaunukan Cumbria akwai tumakin Herdwick, waɗanda ke kiwo a fili marar shinge, kowace 'yar tunkiya daga uwarta take koyon iyakar makiyayarsu. In aka kashe irin wannan garke, kuɗi zai iya sayo wasu tumakin, amma ba zai sayo sanin dutsen da aka gada kaka da kakanni ba. Duk wanda ya san yadda Bafulatani ke lissafa asalin saniyarsa uwa bayan uwa ya san irin wannan rashi.

A nan ne matsalar take. Mun ce zumunta a ƙafa take, to ita ma annobar a ƙafa take. Matakin da ke tsayar da ciwo shi ne kuma yake yanke hanyar jaje. Ranar da mutum ya fi bukatar maƙwabcinsa, ranar ce doka da hankali suka hana maƙwabcin taka ƙofarsa.

Su wa abin ya taɓa

Wasu masana a Jami'ar Lancaster, ƙarƙashin Maggie Mort, sun nemi mutum 54 a arewacin Cumbria su riƙa rubuta abin da ke ransu kowane mako har tsawon wata 18. Cikinsu akwai manoma, ƙananan 'yan kasuwa, ma'aikatan lafiya, da waɗanda suka yi aikin kisan da hannunsu. Sakamakon ya fito a mujallar likitocin Birtaniya a 2005. Ya nuna ƙunci irin na wanda aka yi wa mutuwa, mugayen mafarkai, tsoron kada abin ya dawo, da yankewar amana tsakanin talaka da hukuma. A Holan, inda ciwon ya ɓulla a shekarar 2001 a gonaki 26 aka kashe dabbobi kimanin 260,000, wani binciken ya gano kusan rabin manoman da aka kashe wa dabbobi suna fama da matsanancin firgici bayan abin ya wuce.

Binciken na Lancaster ya kuma warware wani kuskure, na zaton cewa wanda aka kashe wa garke shi kaɗai ne abin tausayi. Shi aƙalla an biya shi diyya. Wanda ciwon bai shiga gonarsa ba amma doka ta ɗaure shi, ba saye ba sayarwa, abincin dabbobi na ƙarewa, bashi na hawa, shi ba a ƙirga shi cikin masu diyyar kisa ba. Daga nan hassada da zargi suka shiga tsakanin maƙwabta: wane ne ya kawo mana, wane ya yi sakaci, wane ya ci riba. Likitan dabbobin da ya yi karatu don ceton rai ya wayi gari yana sa hannu a takardar kashe lafiyayyun garke na mutanen da ya sani shekara da shekaru. Mahauta, direbobi da sojojin da suka yi watanni cikin jini da wari, su ma sun koma gida da abin da ya hana su barci. Masu masauki da masu shaguna kuwa ciniki ya mutu, ba kuma wanda ya zo musu jaje.

Taimakon da ya yi aiki

Abin mamaki, asibitoci ba su ga cunkoson masu neman maganin damuwa ba. Da a rajistar likita kawai za a duba, da an ce babu abin da ya faru. Manoma sun juya ne ga iyali, abokai da likitocin dabbobinsu, wato mutanen da ba sai an yi musu bayanin me ake nufi da rasa garke ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, wanda kuma ya taɓa kwana a irin ɗakin shi ake yarda a faɗa wa.

Da ƙafa ta gagara, waya da rediyo suka maye gurbinta. Ƙungiyar Farm Crisis Network, wadda aka kafa a 1995, ta sa 'yan sa-kai waɗanda galibinsu sun san noma suna amsa waya. Ƙungiyar RABI, mai tallafa wa manoma tun 1860, ta riƙa biyan bukatun gida na iyalan da kuɗi ya yanke musu. Samaritans, masu sauraron wanda rayuwa ta ishe shi ba dare ba rana, sun haɗa kai da su. Majami'u sun kafa asusun Addington, wanda ya raba sama da fam miliyan 10 ga mutane fiye da 20,000, mafi yawa don sayen abincin dabbobi. Gidan rediyon BBC na Cumbria ya zama dandalin gundumar baki ɗaya, yana faɗin inda ciwon ya kai, yana kuma ba mutane dama su yi magana da bakinsu. A garin Penrith an kafa wani shiri mai suna Pentalk da ya ba manoma aron kwamfuta don su riƙa jin ɗuriyar juna.

Darussa huɗu ne suka fi fitowa fili daga wannan gwagwarmaya. Na farko, rarrashi ba ya tafiya shi kaɗai. Da wuya magidanci ya ɗaga waya ya ce zuciyata ta karye. Abin da zai tambaya shi ne yadda ake cike takardar diyya ko inda zai samu harawa. In ya tarar da wanda ya iya amsa wannan, ya kuma iya yin shiru ya saurara, sauran maganar za ta fito da kanta. Na biyu, yadda aka gudanar da kisan yana iya rage ciwon ko ya ninka shi. Jami'in da ya yi sallama, ya yi bayani, ya bar mai gona ya zaɓi ya tsaya ko ya kauce, ya kuma tabbatar an kwashe gawarwaki a kan lokaci, ya riga ya yi rabin aikin mai rarrashi. Umarnin da ke sauyawa safe da yamma daga wani ofis mai nisa kuwa, shi ne abin da mutanen Cumbria suka daɗe suna jin zafinsa. Na uku, nauyin ya fi sauka ne bayan hayaniya ta lafa, sojoji da 'yan jarida sun watse, mutum ya tashi da asuba kamar yadda ya saba ya tarar babu abin da zai ba abinci. Taimakon da ya ƙare ranar da aka ce annoba ta ƙare, ya tashi tun kafin a kai ga bukatarsa. Na huɗu, baƙin cikin nan ba hauka ba ne. Yawancin mutane da taimakon na kusa da su suke miƙewa, kaɗan ne ke bukatar likita. Gwanintar ita ce a iya gane waɗannan kaɗan ɗin da wuri.

Masu ja da wannan magana

Akwai masu cewa kuɗi ne magani, a biya mutum diyyarsa ya share hawayensa da kansa. Rabin gaskiya suka faɗa. Daɗin baki ba ya biyan bashin banki, kuma duk gwamnatin da ta aiko masu rarrashi ta riƙe diyya, yaudara take yi. Sai dai manoman Birtaniya an biya su, wasu ma da tsoka, amma rubuce-rubucensu sun nuna kuɗin bai kawo barci ba.

Wasu za su ce wannan lalurar Turawa ce, mu muna da tawakkali. Ko shakka babu yarda da ƙaddara babbar garkuwa ce, liman ko fasto da ya san aikinsa kuma yana cikin manyan masu rarrashi. Amma imani bai hana zuciya jin ciwo ba. Annabi Yakubu ya yi baƙin ciki har idanunsa suka yi fari, ba a kuma ce imaninsa ya ragu ba. Makiyayan da suka shiga daji a shekarar Sannu ba Turawa ba ne. Haɗarin ma a wajenmu ya fi ɓuya, domin kunya da pulaku sun hana namiji nuna rauni. Ka tambaye shi ya ce lafiya lau, alhali labarin zuciya a tambayi fuska. "Ka yi haƙuri" da aka faɗa don a rufe wa mutum baki daban take da wadda aka faɗa bayan an saurare shi ya gama.

Hujja ta uku ta fi ƙarfi: ina ma'aikatan? Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya 'yan ɗaruruwa ne ga al'ummar da ta haura miliyan 200, asibitocinsu kuma a birane suke, irin su Kaduna, Kware, Maiduguri da Dawanau. Amma ai darasin Cumbria shi ne ba ƙwararru ne suka ɗauki mafi yawan nauyin ba. A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya da abokan aikinta sun fitar da jagorar agajin farko na kwantar da hankali, wadda ake koya wa mutumin da ba likita ba cikin ɗan lokaci, ta kuma ginu a kan abu uku: duba halin da mutum ke ciki, saurare shi, haɗa shi da inda zai samu abin da yake bukata. A Zimbabuwe likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata suna zama a benci a harabar asibitoci suna sauraron masu damuwa, aka gwada aka ga yana aiki. In kaka a Harare za ta iya, malamin dabbobi a Maigatari ma zai iya.

Mu dawo gida

Ba baƙon abu muke tattaunawa ba. Bushiya ce ta sa aka kafa cibiyar binciken dabbobi a Vom a 1924, ta kuma sake dawowa a 1983 ta yi ɓarna mai yawa, kafin a sanar da kawar da ita daga doron ƙasa a 2011. A Fabrairun 2006 aka tabbatar da murar tsuntsaye a wata gona da ke Jaji a jihar Kaduna, karo na farko a nahiyar Afirka, ta bazu zuwa Kano, Filato da sauran jihohi, ta kuma sake dawowa a 2015. Diyyar da aka fara sanarwa a 2006 naira 250 ce kan kowace kaza, abin da masu kiwo suka ce bai kai kuɗinta ba. Ga ciwon huhu a shanu, ga annobar awaki da tumaki da ke ɗauke jarin matan karkara. Akuyar da ke ɗaure a turke ita ce asusun mace: kuɗin asibiti, kayan ɗakin 'yarta, rufin asirinta. In ta mutu babu mai rubutawa, balle mai zuwa jaje daga ƙaramar hukuma.

Akwai kuma dalilin da ya kamata ya ja hankalin ko da jami'in da tausayi bai dame shi ba. Mutumin da ke cikin firgici, wanda ya tabbata in ya kai rahoto za a share masa gona a bar shi da hamma, ɓoye ciwon zai yi. Zai kwashe kajin da dare ya kai kasuwa, ko ya kora shanun ya tsallaka wata jiha. Ta haka annobar gona ɗaya ke zama ta ƙasa. Kula da mai dabba wani ɓangare ne na yaƙi da ciwon dabba, domin rahoto da wuri ba ya zuwa sai daga wanda ya yarda da kai.

Ba kuma daga sifili za mu fara ba. Fulani, musamman a Nijar, suna da al'adar haɓɓanaye: a ba wanda ya rasa garke aron saniya, ta haifa masa 'yan maruƙa ya riƙe, sannan ya mayar da uwar. Wannan al'ada ta haɗa jari da rarrashi wuri guda, domin tana gaya wa mutum cewa har yanzu shi makiyayi ne, kuma danginsa ba su yar da shi ba. Muna da arɗo, sarkin fawa, shugabannin kara, ƙungiyoyin masu kiwon kaji, matan adashe, da rediyon da ke rataye a kafaɗar kowane makiyayi. Wayar hannu ta shiga ruga. Abin da ya rage shi ne tsari.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta tarayya, wadda aka ƙirƙira a 2024, da ma'aikatun jihohi, ya dace su rubuta kula da mutane a cikin shirinsu na tunkarar annoba tun kafin ta zo. Duk tawagar da za ta je kisa ta tafi da wanda aka horar ya zauna da iyalin gidan, mata su samu mace 'yar uwarsu. A koya wa malaman dabbobi agajin farko na kwantar da hankali, su ma a ba su inda za su sauke nasu nauyin. A samar da lambar waya da ake amsawa da Hausa da Fulatanci, wadda mai amsawa ya san maganar diyya da ta bashi. A faɗi gaskiyar ranar biya, a kuma cika. A sa wanda doka ta hana shi sayarwa da leburan gonar da aka sallama cikin lissafi. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta buɗe ƙofar kai irin wannan kulawa kusa da jama'a. Saura a bi ta.

Kai kuma mai karatu, in aka killace gonar maƙwabcinka ko rugarsa, kada ka taka can, kada kuma ka yi shiru. Kira shi a ranar. Kada ka tambaye shi yadda aka yi ya bari ciwo ya shiga. Tambaye shi me gidan ke bukata, ka ajiye a bakin iyaka. In ka ji ya yi makonni ba barci ba cin abinci, ya daina shiga mutane, ko ya fara cewa gara mutuwa, kada ka ɗauka wasa ne: a kawar da maganin ƙwari da makami daga kusa da shi, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti. In an ɗage killacewa, ka je da ƙafarka. Bayan kwana arba'in, lokacin da kowa ya manta, ka sake komawa.